Gwiwar Baƙuwa

A tashar motar garin Kurseong, Harkamaya na zaune tana murza gwiwa, tana jiran mota ta cika. Wani mutum mai sabon takalmin hawan dutse ya zauna gefenta.

"Iya, lafiya kuwa?"

"Ina fa lafiya! Tun ina budurwa nake tsinkar ganyen shayi a layi ɗaya, shimfiɗaɗɗe, bakin hanya. Jiya manajan gonar ya ƙwace layin, wai ya zama na baƙi masu zuwa hutu. Ni an tura ni gangare, can cikin matsattsaku."

"Ai koyon tsinkar suke so, Iya. Su taka a hankali, su sha iska..."

"Hutu da kwandona a baya, igiyarsa a goshi? Ganye biyu da toho ake tsinka, ɗana. Su kuwa sai su damƙi reshe kamar akuya ta samu shinge. Wata har cewa ta yi in yi murmushi za ta ɗauke ni hoto! Da zan ga wanda ya nuna musu layina..."

"Wataƙila ba da mugunta ya yi ba."

"Ka san shi ne?"

"A'a. Amma ki duba, akwai wata dattijuwa cikinsu. Da na ga tana ɗingishi, sai na ce wa manaja..."

Ya kau da kai. Harkamaya ta dube shi tun daga takalmi har hula.

"Me ke damunta?"

"Gwiwa ce, Iya."

"Ayya, gwiwa!" Ta ja zanenta, ta nuna masa tata, kumburarriya. "Gobe ka sauko gangare ka yi wa wannan bayani."