Ƙarshen Littafin Ya Tafi a Ƙunshin Ƙosai

Tun safe nake kan bencin kotu a Keffi, raina a ɓace, ina jiran a kira ƙarata kan iyakar gonata da aka ci. Kusa da ni wata mata tana jujjuya yagaggen littafi, wani mai tabarau yana hararta.

"Baiwar Allah, da girmanki kike karanta wannan shirmen? Daga kisa sai 'yan sanda. A jami'a ko ƙofar ajina ba ya zuwa."

"Malam, ajinka na je? Maigidana nake karanta wa, idonsa ya mutu. Sati uku muna neman wanda ya kashe Alhajin labarin, sai na yage ƙarshen na ƙunsa wa mutane ƙosai ban lura ba. Na zaga gari, babu mai irinsa. Jiya ko tuwo bai ci ba, wai direba yake zargi."

"Direba? Haba! Direban da yake tsare a ranar?"

"Au! Kai da ba ka karanta shirme?"

Sai ya buɗe jaka, ya zaro irin littafin daga ƙarƙashin takardun jarrabawa, an rufe bangonsa da jarida.

"Ungo. Idan kin kai wurin rijiya ki sassauta murya, nan abin yake."

"To, wa ya kashe shi?"

"Allah ya kiyaye in faɗa. Ku ji tare."

Aka sake ɗage ƙarata, na ja tsaki. Ni ban iya karatu ba, saboda haka na bi matar na tambayi gidansu, don ni ma in ji ƙarshen.