Ajin da Ba Ya Musu da Malaminsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Gado; mai unguwarmu ta Shagwa da dattawan da suka rako shi; malaminmu, Malam Rufa'i; iyayenmu mata da suka cika rumfar nan; baƙinmu na Kabalai, da na Lamaji waɗanda suka sha rana a kan babur kafin su iso; 'yan'uwana ɗalibai; jama'a baki ɗaya, barkanku da zuwa.

Sunana Junaid. 'Yan ajinmu ne suka tura ni in yi magana da yawunsu, ba don na fi su Sifaniyanci ba, sai don na fi su surutu. Muna godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekarar karatu. Muna godiya ga Alhaji Gado da ya ba mu aron shagonsa, muna haska fim a farin bangonsa kowace Asabar bayan la'asar. Muna godiya ga iyalanmu da suka jure jin muna gwada harshen da ba wanda ya gane a gida.

Maganata uku ce.

Ta farko, amsa ce ga masu tambaya: me ya kai Bahaushen Injamena ga Sifaniyanci, ga Hausa a gida, ga Larabci a kasuwa, ga Faransanci a lekol, wato makarantar boko? Cikinmu akwai masu fatauci zuwa Malabo, inda ake Sifaniyanci, akwai masu neman aikin tafinta, akwai masu burin ƙaro karatu. Mu goma sha huɗu ne, kuma mun wuce matakin gaisuwa da tambayar hanya. Shi ya sa bana Malam ya ajiye littafi ya ɗauko finafinan Sifaniya da Meziko da Ajantina da Kolombiya, duk a kan abu guda: iko da turjiya, wato wa ke ba da umarni, wa ke ƙin bi. Ya koya mana lura da wanda ke zaune da wanda ke tsaye, da wanda ake saurara da wanda ake katsewa. Ya ce sai ranar da muka iya gardama da harshen zai yarda mun iya shi.

Ta biyu ita ce abin kunyarmu, kuma zan faɗe shi a gaban iyayenmu, domin su suka yi mana tarbiyyar. An raine mu a kan ba a musu da malami. To, ga ajin da ke nazarin turjiya, ga ɗalibai da duk abin da aka faɗa sai su amsa, "Haka ne, Malam." Wata uku muna haka. Rannan muka kalli fim ɗin wani hafsan soja da ya sa aka ƙone ƙauye, sai Malam ya gyara tsayuwa ya ce da gangan, "Wannan hafsa shi ne mai tausayin labarin." Wallahi jama'a, mu goma sha huɗu muka sunkuya muka rubuta. Malam ya ajiye alli ya ce, "Kalas, shi ke nan. Na kasa. Ƙarshen shekara zan rufe ajin nan."

Ba wai ba mu san maganar da Malam ya yi a kan hafsan kuskure ce ba. Mun sani sarai. Sai muka zauna muka yi shawara, muka yi abin da aka saba idan babba ya yi kuskure: muka nemi dattijo muka aika. Alhaji Gado, wanda bai ga fim ɗin ba, bai kuma san kalma ɗaya ta Sifaniyanci ba, ya sa babbar riga bayan sallar Juma'a ya tafi gidan Malam. Aka gaisa, aka sha shayi, aka tambayi iyali, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam, yaran nan sun ce in shaida maka cikin ladabi, wai sojan nan da ka yaba ba mutumin kirki ba ne." An ce Malam ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama ya ce wannan aiken ma ya ƙara masa hujjar rufe ajin.

Ta uku, labarin Hajiya Hanatu ne, telar nan da ke bayan kasuwa, wadda ta girme mu duka a aji. Mun kalli fim ɗin wata mai dafa abinci a gidan mai gonar rake, ma'aikatansa suna yajin aiki. Kullum kanta a ƙasa, kullum "to, ranka ya daɗe," amma ita ke kai wa masu yajin labarin abin da ake ƙullawa, ita ta ɓoye jagoransu a ɗakin ajiya. Malam ya ce matar matsoraciya ce, jarumin shi ne saurayin da ya yi ihu a dandali. Wannan karon ba gwaji ba ne, har zuciyarsa haka ya gani. Sai muka ji kujera ta motsa. Hajiya ta miƙe ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ban yarda ba." Minti goma tana zuba Sifaniyanci, da kuskurenta da komai. Ta ce, "Saurayin nan ihun minti biyu ya yi aka kama shi. Matar nan ta riƙe yajin wata uku. Mu mun san irin wannan sunkuyar da kai, Malam, a gidajenmu muka taso muka gan ta." Malam ya maido fim ɗin baya, ya sake kallo, ya juyo ya ce, "Ni ne na yi kuskure." Tun daga ranar ba a ƙara samun shiru a ajinmu ba, har maƙwabta sun fara ƙorafi.

Sai dai Malam bai janye maganarsa ta rufe ajin ba. Ya ce shi mutum ne mai magana ɗaya, ya faɗa ya faɗa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin a shagon nan ne na fara sanin ana iya girmama mutum a kuma ce masa a'a, ga kuma ɗalibai ashirin a ƙaramin aji suna jiran su hau namu matakin. Saboda haka yau ba mu aiko kowa ba. Alhaji, ka huta.

Malam Rufa'i, a gaban mai unguwa, a gaban iyayenmu, a gaban jama'a, da dukkan girman da kake da shi a idonmu: ba mu yarda ba. Ranar Asabar bayan la'asar muna nan zaune a kujerunmu, makullin shagon yana hannun Hajiya Hanatu. Idan kana da hujjar rufe ajin, ka zo ka kawo ta da Sifaniyanci, za mu ba ka amsa.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da haƙurin zama da mu. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode da kuka saurare ni, na gode.