Tsiron da Maigidana Bai Samu Sunansa Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Hajara ce daga Malam Inna. Tun da maigidana ya yi ritaya daga koyarwa, duk Asabar shi da abokansa biyu suke hawa duwatsun bayan gari, suna ɗaukar hoton ƙananan tsirrai masu kaurin ganye, suna rubuta sunayensu. Akwai wani mai jan ganye, bai kai ɗan yatsa ba, da suka kasa ganewa. Makon jiya suka tarar masu fasa dutse sun share wurin. Ya dawo ya kasa cin abinci, ya ce, "Hajara, ko sunansa ban sani ba, ya tafi." Hoton yana wayata. Don Allah dattawanmu Fulani da Tangale, wa zai duba mana?