Shekarar da Aka Rage wa Akantoci

Gatanan gatananku. Ta zo mu ji ta.

A ɗakin jiran likitan ido, wani tsohon akanta ya kai jarida har bakin hancinsa, ya ja tsaki.

"Wai an rage shekara guda a karatun lasisin akanta, don a samu ma'aikata! Mu da muka yi biyar cur wawaye ne?"

Wata mata a gefensa ta ce, "Haba Baba, da idon nan kake aiki?"

"Wa zan bar wa ofishin? 'Yata ta yi huɗu, ta gaji ta bari."

"To ai ita aka buɗe wa ƙofa."

"Ba da yawuna ba!"

Matar ta samu tabarau. 'Yar tsohon kuwa ta samu lasisi ta karɓi ofishin. Tsohon yana gida, yana gaya wa kowa shi ya ba ta shawara.