Ƙullin Zanen Ningrum

A gindin dutsen Bromo, Ningrum na wata rumfa tana zaɓen bargon da za ta kwana da shi a tanti, sai tsohuwa mai rumfar ta ƙura wa zanen da Ningrum ta yafa ido.

"'Yata, haɗa da na maigidanki. Sanyin can sama ba wasa."

"Iya, ko saurayi ba ni da shi!"

"To, wa ya ce ki ƙulla zane a ƙirji? Wannan sai matan aure. Budurwa a baya take ƙullawa."

"Wayyo! Ashe shi ya sa Darsono, jagoranmu, ya ƙi haɗa ido da ni!"

"Mai farin dokin can? Tuzuru ne, uwarsa har ta gaji da addu'a!"

Ningrum ta juya ƙullin baya a hankali, ta rungumi bargonta, ta nufi wajen dawakai.