Fakewar Ruwa a Dublin

A tashar Dogon Dutsi, muna jiran motar Tibiri ta cika, wata mata ta tsare wani dattijo da ya dawo daga ganin ɗansa a Dublin.

"Baba, wai can mashaya ake kai baƙo yawo?"

"Haka suke. Ni dai sau ɗaya na shiga, ruwan sama ya koro ni. Lemo na sha."

"Me ka gani?"

"Goge, ɗiyata! Tsofaffi da samari ana ta waƙa."

"Goge? Ashe bori suke!"

"Babu wanda iska ta hau. Amma mai gogen Laraba ya fi na Asabar daɗin hannu."

"Baba, ba sau ɗaya ka ce ba?"

"Ke! Ƙasar kullum ruwa ake yi."