Lafiya Lau, In Ji Waya

A ɗakin jira na asibiti, wata dattijuwa ta leƙa takardun matashiyar da ke gefenta.

"'Yata, karatun me kike yi haka?"

"Bincike ne, Mama, kan yadda waya ke zaɓa wa mutane kalmomi idan suna rubutu."

"Allah ya yi wa mai wannan dabara albarka. Maigidana tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya magana. Da yatsa ɗaya yake taɓa kalmomin da ke fitowa, kullum ya rubuta mini, 'Lafiya lau, alhamdulillahi.'"

"Ai abin da mutum ya saba rubutawa wayar ke miƙo masa."

"To ai maganarsa ce."

"Maganarsa ta lokacin da yake da lafiya ce, Mama. Ya taɓa rubuta miki wani abu daban?"

Dattijuwar ta sake duban takardun.

"Jiya na tambaye shi ko yana jin zafi. Ya rubuta lafiya lau, hawaye na bin kuncinsa. Na ɗauka na godiya ne, har na ce wa likita a rage masa maganin zafin."